Me ya sa manhajar da apt ke ba ni ta tsufa haka, kuma wa ke da alhakin sabunta ta?

Ɗan_Ƙofar_Mata ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Don Allah masu ilimin Linux a taimaka a warware min wani abu da ya ɗaure min kai. Ina da wata tsohuwar laftof da na ɗora wa Debian 12, wani nau'in Linux, tun wajen shekara biyu da suka wuce, ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba gaskiya, da ita nake sauke karatuttukan malamai daga YouTube da daddare idan na sayi datar dare, in mayar da su sauti kawai in zuba wa mahaifinmu da abokansa a memori su saurara a rediyo, tunda su ba ruwansu da bidiyo. Da yt-dlp nake yi, wanda na ɗora da apt install, wato hanyar ɗora manhajoji ta Debian, kamar yadda aka koya min.

To yanzu ya daina aiki kwata-kwata, ko me na ba shi sai ya watso min jan rubutu ya tsaya. Na duba sigar da nake da ita na ga an rubuta 2023.03.04, na leƙa shafinsu na GitHub na ga su sun yi nisa, kusan duk wata sai sun fitar da sabo. Na yi apt update na yi apt upgrade ya ce min wai wanda nake da shi shi ne mafi sabo. Na gwada yt-dlp -U shi kuma ya ce in koma wurin da na ɗauko shi in sabunta a can. Na gwada pip, mai ɗora manhajojin Python, ya ƙi, ya rubuto min externally-managed-environment. Ka ga an mayar da ni ƙwallo kenan, wannan ya buga wa wancan.

Ba ƙorafi nake ba, kyauta aka ba ni, so nake in fahimta. Wai shin wa ke ɗauko manhaja daga hannun masu rubuta ta ya kai ta cikin apt? Albashi ake biyansa ko kuwa? Kuma idan ya yi barci a kan aikin, ni da nake zaune a Kano akwai abin da zan iya yi ko sai dai in zuba ido? Na gode.

Malam_Rumbu ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ba wanda ya yi barci, abin da ka gani haka aka tsara shi da gangan, sai dai kai ka yi rashin sa'a ka faɗo kan irin manhajar da tsarin bai yi mata daɗi ba.

Hannu biyu ne a cikin lamarin. Akwai masu tushe, wato waɗanda suka rubuta yt-dlp, su nasu su rubuta su fitar. Sannan akwai mai riƙon ƙunshi (manhajar da aka shirya don apt ya ɗora) a Debian, shi ne zai ɗauko abin da suka fitar ya duba lasisinsa, ya rubuta kayan haɗin da yake buƙata, ya gina shi ya gwada ya sa hannu da makullinsa sannan ya tura. Yawancin masu wannan aikin sa-kai suke yi bayan sun taso daga wurin neman abincinsu, tun da Ian Murdock ya kafa Debian a 1993 a haka ake tafiya, cikakkun membobi ba su wuce wajen dubu ɗaya ba, alhali Debian 12 ɗin da ke hannunka ya fito da ƙunshi sama da 64,000. Yi lissafin da kanka.

Idan mai riƙo ya tura sabo, ba wurinka yake zuwa ba, matakin farko yake faɗawa, wato unstable wanda ake ce wa sid. Ya kwana biyu zuwa goma a can gwargwadon gaggawar da aka sa masa, galibi biyar, in ba a samu babbar matsala ba kuma bai karya wani ƙunshin ba sai ya gangara testing da kansa. To kusan duk shekara biyu sai a ce an rufe ƙofa, ba sabon abu da zai ƙara shiga sai gyara, a yi watanni ana tsintar tsakuwa, daga nan a fitar da shi da sunan stable. Kamar kaka ce, an girbe an sheƙe an zuba a rumbu an liƙe, abin da ya shiga shi za a ci har wata kakar. Debian 12 ya fito 10 ga Yuni 2023, shi ya sa naka ya tsaya a na watan Maris na shekarar, shi ne ya riski rufe ƙofa.

Amma kar ka ɗauka duk abin da lambarsa ta tsufa an yi watsi da shi ne. Idan aka gano ɓarakar tsaro a wata manhaja, masu kula da tsaro na Debian galibi ba sabuwar siga suke kawowa ba, ainihin gyaran kawai suke yankowa su manna wa tsohuwar, faci kenan irin na taya. Shi ya sa za ka ga lamba ta ƙare da wani abu kamar deb12u3, babbar lambar ba ta motsa ba amma an yi mata faci sau uku. Buga apt changelog da sunan ƙunshi ka gani da idonka. Mai kula da saba (babbar kwamfutar da wasu ke dogaro da ita) a banki ko asibiti abin da yake so kenan, ya kwanta ya tashi ya tarar da komai yadda ya bar shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne yt-dlp ba irin hatsin da ake ajiyewa ba ne, ɗanyen tumatir ne. Aikinsa ya dogara da shafin wasu, YouTube na canza wani abu a cikin gidansu yau, gobe ya daina aiki, kuma ba ɓarakar tsaro ba ce balle a yi masa faci. Don irin wannan aka yi backports, wato a ɗauko sabo daga testing a sake gina shi don ya zauna a kan stable. Ka ƙara wannan layin a cikin sources.list, fayil ɗin da ke nuna wa apt inda zai ɗauko kaya:

deb http://deb.debian.org/debian bookworm-backports main

sai apt update, sai apt install -t bookworm-backports yt-dlp. Zai matso da kai gaba, amma shi ma hannun mutum ke tura shi, ba lallai ya yi kafaɗa da kafaɗa da masu tushe ba. In kana son na yau-yau to apt install pipx, sannan pipx install yt-dlp, duk sanda ya fara gardama ka buga pipx upgrade yt-dlp. Wancan saƙon da pip ya ba ka ba rowa ba ce, kare ka ake yi kada pip ya tattake fayilolin Python da apt ya shimfiɗa, shi kuwa pipx ɗaki daban yake ware wa kowace manhaja. Ka cire na apt ɗin tukuna don kar su rikita ka. Kuma ka sani tun Nuwamba 2025 sababbin fitowar suna neman a haɗa musu da injin JavaScript irin su Deno ko Node kafin YouTube ya yi aiki sosai, in ka ga yana gargaɗi a kan haka to dalilin kenan.

Debian 13 ya fito tun 9 ga Agusta 2025, in ka samu data da wuta ka haura, amma ba zai raba ka da wannan matsalar ba, tunda shi ma an riga an rufe masa ƙofa.

kwaro_sarkin_arch ya amsa:

hhhh malam wlh duk wannan dogon bayanin saboda abu daya, kuzo ku hau Arch Linux ku huta kawai. mu bamusan wani rufe kofa ba, yau aka saki abu jibi yana hannunka, pacman -Syu shikenan. kuma in kaga wani kunshi ya tsufa akwai maballi a shafinsu da zaka danna kace ya tsufa, sakon yaje wa mai rikon kai tsaye ba sai ka rubuta wasika kamar mai neman aure ba. abinda babu a babban rumbu kuma yana AUR, rumbun da masu amfani da Arch ke zubawa da kansu, duk abinda ka sani a duniya wani bawan Allah ya riga ya rubuta masa PKGBUILD, wato umarnin yadda za'a ginashi, fayil daya ne dan karami zaka iya karantashi kafin shayinka ya huce, nima nan akwai guda biyu da nake rike dasu, in sabo ya fito lamba kawai nake canzawa in sabunta checksum in tura, minti biyar bai cika ba.

ni a wayama haka nake, Termux dina, wanda ke bani damar buga umarnin Linux a waya, daga kantin manhajoji na F-Droid na daukoshi tunda na Play Store ya tsaya da samun apdet a 2020, yt-dlp na ciki da pip nake sabuntashi ina kwance. gsky ni bazan iya zama da manhajar shekara biyu ba ko kyauta aka bani, to dama kyautar ce hhh. abu daya dai zan fada tsakani da Allah, Arch na shan data kamar rakumi, in kayi sati biyu baka taba ba ka tarar da giga daya da wani abu na jiranka, ranar da nepa suka dauke wuta ina tsakiyar apdet din kernel kuwa sai da na nemo flash na gyara, batirin laftof dina ya dade da rasuwa

Ummu_Sabar ta amsa:

Ƙanina mai Arch, ka faɗi daɗin ka rage sauran. AUR ba wanda ke tantance shi kafin ya hau, kowa ya yi rajista zai iya turawa, su kansu mutanen Arch sun rubuta ɓaro-ɓaro cewa amfani da shi kai da ƙafarka ne. A 2018 wani ya ɗauki riƙon wani ƙunshin maraya mai suna acroread ya cusa masa mugun abu, a Yuli 2025 kuma aka cire wasu guda uku da suka fake da sunan gyaran burauza, ciki har da firefox-patch-bin, ashe manhajar leƙen asiri ce a ciki. Kai kana karanta PKGBUILD, madalla, amma mutum nawa ne ke yi? Yawanci yay, mai sauko da kaya daga AUR, suke bugawa su danna enta har ƙasa.

Ni abin da ya sa na daina raina tsohon abu shi ne labarin xz. Ɗan ƙaramin abin matse fayil ne da kusan kowace Linux ke ɗauke da shi, mutum ɗaya, Lasse Collin, ya yi shekaru yana jan sa shi kaɗai ba ko sisi, har ya fito ya ce ya gaji kuma lafiyarsa ba ta ba shi dama. Sai ga wani mai kiran kansa Jia Tan tun 2021 yana ta taimako kamar mutumin kirki, wasu sunaye kuma na ta matsa wa Lasse lamba wai aiki ba ya sauri a ba wani dama, har dai aka ba Jia Tan ɗin hannu. A farkon 2024 ya fitar da 5.6.0 da 5.6.1 da ƙofar baya a ciki wadda ke harin ssh, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, kuma don wayo wani ɓangaren abin ba y da kowa ke dubawa, a cikin dunƙulen fayil ɗin da masu ƙunshi ke saukewa su gina ya ɓoye shi. Sannan wani sunan da ba a san shi ba ya je Debian ya buɗe buƙata a yi sauri a ɗora sabon. Ka ji fa, ta ƙofar “ku sabunta, ya tsufa” aka biyo. Allah ya sa Andres Freund, injiniya mai aikin PostgreSQL, ya lura shiga ssh na ƙara masa kamar rabin daƙiƙa a kan sid, ya bi diddigi ya tona a ranar 29 ga Maris 2024. Ya riga ya shiga sid da testing da Fedora na gwaji da Tumbleweed da Kali, amma Debian 12 da ke zaune a kan 5.4.1 ko ƙurarsa bai gani ba.

Kada kuma a ce na zo kare Debian ne ido rufe, masu ƙunshi ma suna tafka tasu. A 2006 aka cire wasu layuka a OpenSSL na Debian, mai ƙera makullan sirri, don a kashe wani gargaɗi, ashe an kashe abin da ke sa makullai su zama ba a iya hasashensu, suka koma wajen 32,000 kacal, ba a farga ba sai Mayu 2008 da Luciano Bello ya gano, Ubuntu ma ta kwasa tunda daga can take ɗiba. Irin wannan ne ke sa wasu masu tushe ke cewa a bar su su raba kayansu da kansu ta Flatpak ko Snap, hanyoyin ɗora manhaja ba tare da apt ba, ga kuma haushin mutum ya kawo musu ƙarar matsalar da suka gyara shekara biyu baya. Mai xscreensaver har faɗa ya yi da Debian a 2016 kan haka. Ina fahimtarsu, sai dai Flatpak na farko da za ka ɗora sai ya janyo maka ɗaruruwan megabait na kayan haɗi, mu da ke ƙirga data wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shawarata ga mai tambaya, duk abin da za ka yi kar ka zuba layin sid ko PPA (rumbun ɗaiɗaikun mutane) na Ubuntu a cikin stable ɗinka. Na taɓa yi a wata saba a wurin aiki saboda ina son sabon PHP, rumbun wani mutum na ƙara da na gani a intanet, shekara na zagayowa ya daina kula da shi, ranar haura siga komai ya cakuɗe na kwana a ofis ina warware zare.

Ɗan_Ƙofar_Mata ya amsa:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Malam pipx ɗin ya yi, yanzu haka karatu na sauka, Baba zai yi murna gobe. Anti Ummu wannan labari na xz ya sa jikina ya yi sanyi wallahi, ni da nake shirin zuwa in rubuta musu “ku yi sauri”.

To saura rabin tambayata. In na ga ƙunshin da da gaske an bar shi, ba irin wannan na rufe ƙofa ba, ya zan gane, kuma mutum irina da bai wuce ɗan Python da bash ba zai iya sa hannu? Ko sai wanda ya yi digiri a Turai?

Malam_Rumbu ya amsa:

Ba a tambayar takarda ko ɗaya. Fara da tracker.debian.org ka rubuta sunan ƙunshin, za ka ga siga nawa ke stable, nawa ke testing da sid, wa ke riƙe da shi, yaushe aka taɓa shi na ƙarshe. A sid ake gane an bar abu, ba a stable ba. In sid ma ya tsufa, shafin da kansa yakan rubuta cewa akwai sabo a tushe, saboda yawancin ƙunshi na da ɗan fayil debian/watch da ke leƙa shafin masu tushe, uscan ke karanta shi. In kana son ka ga yadda sauran suke, repology.org na jera manhaja ɗaya a rumbuna da yawa, kore sabo ja tsoho, a can za ka ga nixpkgs na gaba-gaba don su har bot gare su mai buɗe buƙatar sabuntawa da kansa, mutane su duba su amince.

In ka tabbatar, mataki mafi sauƙi shi ne ka kai rahoto da reportbug, ka sa matakin wishlist wato roƙo, amma ka fara dubawa ko wani ya riga ka, kar a tara wa mutum takarda goma kan abu ɗaya. Kuma yadda ka rubuta shi ne komai. Wanda ya ce “yaushe za ku sabunta” da wanda ya ce na gina sabon a kan sid, faci biyu sun daina hawa ga gyaransu, akwai sabon kayan haɗi guda ɗaya da ake buƙata, ba amsa ɗaya za su samu ba. Yawancin jinkirin ma ba lalaci ba ne, sabuwar sigar ce ke zuwa da buƙatar wani laburaren da babu shi a Debian, kuma ƙa'ida ita ce ba a sauko da komai daga intanet lokacin gini, to sai an fara ƙunshe wancan, shi ma ya bi layin NEW a duba lasisinsa, wani lokacin abu ɗaya ya haifi goma. Manhajojin Rust da Go da JavaScript sun fi kowa wannan hali.

Sannan akwai jerin ƙunshin da ke neman hannu, wanda ake kira WNPP. O na nufin maraya, mai riƙo ya sauka. RFA yana nan amma yana neman wanda zai karɓa. RFH taimako yake nema. Ɗora devscripts ka buga wnpp-alert, zai nuna maka marayun da ke cikin kwamfutarka kai kanka, akwai kuma how-can-i-help mai irin wannan aikin. Ka zaɓi ƙarami wanda kake amfani da shi da gaske, ka mayar da takardarsa ITA wato ka yi niyyar ɗaukar riƙo, ka jawo shi daga salsa.debian.org, ka gina da sbuild, lintian ya yi maka faɗa ka gyara, ka ɗora a mentors.debian.net ka nemi wanda zai tsaya maka, domin sabon shiga ba ya turawa da kansa sai wani cikakken memba ya duba ya sa hannu. Nan ne ake gwada haƙuri, kana iya sati uku ba wanda ya tanka, shi ya sa na fi ba ka shawarar ka shiga tawaga, tunda kana taɓa Python ka nemi tawagar Python ta Debian, masu dubawa sun fi yawa a can. Abin da ka gyara a sid kuma da kansa zai gangara rumbun universe na Ubuntu, daga nan Mint da sauran 'ya'yanta su samu.

In kuwa mai riƙon yana nan a rubuce amma shiru, ba a ƙwace, akwai hanyarsa, NMU don gyara ɗaya, ITS in za ka karɓa gaba ɗaya, ana ba shi wa'adi ya yi magana, akwai ma tawagar MIA masu bin sawun waɗanda suka ɓace. Gargaɗi ɗaya, riƙo ba na rana ɗaya ba ne, duk matsalar da aka kawo kan ƙunshin imel ɗinka za ta faɗo, har ta injin da ba ka taɓa gani ba irin s390x. In ka ga ba za ka iya ba ka mayar da shi maraya a fili, ya fi ka yi shiru sunanka na kai.

kwaro_sarkin_arch ya amsa:

anti na karbi gyara, na koma na karanta PKGBUILD din duk abinda na dora daga AUR daren jiya, guda 23 ne ashe, biyu ma marayu ne ban sani ba na ciresu. amma fa ina nan a Arch dina ba inda zani

Ɗan_Ƙofar_Mata ya amsa:

Malam na buga wnpp-alert ɗin, ya jero min abubuwa sun fi ashirin, wasu ko sunansu ban taɓa ji ba ashe suna cikin laftof ɗina. Akwai wani ƙarami na Python da aka sa wa O, shi nake hange. Tambaya ɗaya kafin in sayi data, shi sbuild ɗin sai na ɗora sid a kan laftof ɗin gaba ɗaya, ko zai zauna a gefe a cikin Debian 12 ɗin ba tare da ya taɓa min komai ba? Kuma kamar giga nawa zan tanada, don hard disk ɗin saura 11 ne kawai.